Kafin a Sayar da Gona Don Tafiya Ƙasar Ƙanƙara

(Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu ya gabatar a zaman tattaunawa da matasa a garin Matamaye. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.)

Iyayenmu da suka ba mu wannan wuri, yayyena da ƙannena, barkanmu da warhaka, barkanmu da sanyi.

Na ga yau kusan kowa ya zo da rigar sanyi, wasu har da hula mai rufe kunne. To, akwai garin da in aka kai musu wannan sanyin namu, cewa za su yi lokacin zafi ya shigo. Sunansa Yellowknife, can ƙuryar arewacin Kanada. A kansa zan yi magana, domin ina da aboki a can, kuma hotunansa sun fara sa wasu ƙannenmu a nan ba sa barci.

Tare muka yi jami'a da shi a Damagaram, tare muka samu lisansi, tare muka yi shekara biyu muna shan shayi a fada muna jiran aikin da bai zo ba. Shi bai zauna ba. Ya yi ta aika takardu ta intanet har wani mai babban kanti ya ɗauke shi. Kanada tana da tsarin da ake kira Mobilité francophone, wanda ya sauƙaƙa wa masu kamfanoni na wajen lardin Kebek ɗaukar ma'aikata masu jin Faransanci. Ta nan ya bi, bai ba dillali ko dala ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mutanen garin ba su wuce kimanin 20,000 ba. Daga can zuwa Edmonton, babban birnin da ake sauka kafin a ƙarasa, kusan kilomita 1,500 ne a mota. A watan Janairu matsakaicin ma'aunin sanyi yana kusan 26 ƙasa da sifili, wasu ranakun har ya kai 40. Mota ma sai an jona mata lantarki da dare, in ba haka ba da safe ba ta tashi. A watan Disamba hasken rana awa 5 ne kawai. Cikin duhu abokina ke fita aiki, cikin duhu yake dawowa. A watan Yuni kuma rana ta yi kusan awa 20 ba ta faɗi ba, mutum ya rasa lokacin barci, magariba da isha da asuba su taru wuri ɗaya. A watan Agusta na 2023, wutar daji ta sa aka kwashe kusan dukan mutanen garin.

A Facebook za ku gan shi cikin ƙanƙara yana dariya, rigarsa mai kyau. Amma ni da yake aiko wa saƙon murya ƙarfe uku na darensu, na san sauran labarin. Mai lisansi ne, aikinsa jera kaya a kanti. Haya ta ɗauke babban kaso na albashi, ga abinci da tsada tunda daga nesa ake kawo shi. Duk ƙarshen wata kuma gida na jira. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, a salula ya ji, a salula ya yi zaman makoki. Ya ce mini abin da ya fi sanyin ciwo shi ne ka yi mako guda ba wanda ya tambaye ka ina kwana da Hausa.

Kar ku ce na zo in hana ku tafiya. Wallahi ba haka ba ne. Shi kansa bai yi da-na-sani ba. Ya gyara ɗakin mahaifiyarsa, ƙannensa biyu suna lakwal da kuɗinsa. Kuma mu ƴan Kance ba mu ne za a koya wa tafiya bida ba. Kakanninmu sun yi ci-rani a Kano, iyayenmu sun san Libiya da Aljeriya. Gonakinmu sun tsuke, mutane sun yi yawa, matashi ya ƙare karatu ba abin yi. Wanda ya ce zai fita nema, haƙƙinsa ne.

Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Akwai wani ƙanena, ɗan baffana. Ya ga irin waɗannan hotuna, sai wani mutum a Yamai ya ce masa yana da hanya: aiki a Kanada, biza cikin wata uku, a dai kawo kuɗin takardu. Baffa ya sayar da gonar da ya gada. An kai kuɗin kashi biyu. An ba yaron wata takarda mai tambari, daga baya lambar mutumin ta daina shiga. Yau yaron kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani, Baffa kuma ƙodago yake yi a gonar da tasa ce bara waccan.

Mu a wannan yanki mun san farashin bin mai cewa "na san hanya". A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Akasarinsu ƴan nan ne, ƴan Kance. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗancan iyayen namu ba su da boko, ba su da intanet, ba yadda za su bincika abin da aka gaya musu. Mu fa, da takardun jami'a a hannu da salula a aljihu, wane uzuri gare mu?

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai niyya ya yi kafin a taɓa ko buhun gero ɗaya na gida.

Na farko, ka sani cewa a dokar Kanada haramun ne mai ɗaukar ka aiki ya karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannunka. Duk wanda ya ce ka sayi gurbin aiki, ko dai ɓarawo ne, ko zai jefa ka cikin laifi. Mai ba da shawara kan shige da fice don kuɗi kuma sai yana da lasisi, kuma ana iya duba sunansa a intanet. Ba wani mahaluki da ke iya yi maka alƙawarin biza.

Na biyu, ka karanta irin izinin aikin da za a ba ka. Da yawa a ɗaure suke da mai aiki ɗaya: in kun ɓata, ba ka da damar tsallakawa wani wuri kai tsaye. A 2023 wani ƙwararre na Majalisar Ɗinkin Duniya, Tomoya Obokata, ya ziyarci Kanada, ya yi kashedin cewa irin wannan ɗauri yana buɗe ƙofar bautar da ma'aikata baƙi.

Na uku, in ta hanyar karatu ce, ka yi lissafi. A ranar 1 ga Janairu 2024, kuɗin zama da ake so ɗalibi ya nuna a wajen Kebek ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, wato wajen miliyan 9 na sefa a wancan lokacin, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Gona nawa ke nan a Matamaye?

Na huɗu, ka nemi wanda ke zaune a garin, ka tambaye shi abin da hoto ba ya nunawa. Nawa ne haya? Nawa ke saura bayan haraji? Akwai masallaci? In ka kwanta ciwo, wa zai leƙo ka?

Iyayenmu kuma, don Allah, in yaro ya zo da maganar tafiya, kar ku ji kunyar cewa a kawo takardar wani ya karanta muku. Mu a ƙungiya a shirye muke mu zauna da kowa mu duba tare, kyauta. Hukumominmu su ma su san cewa masu damfarar nan ba aljanu ba ne, suna da ofis, suna da lambar waya, ana iya kama su.

Wanda ya bincika ya ga zai iya, Allah Ya kai shi lafiya, ya sayi rigar sanyi mai kauri. Amma gonar gida a bar ta inda take, don ko ya yi nasara ko bai yi ba, nan zai dawo.