Maganaɗisu a Kan Ciwon Gwiwar Hannu

Ciwon da likitoci ke kira na 'yan wasan tanis ya fi kama kafintoci da mahauta da masu fenti, domin yana tasowa ne idan jijiyar da ke ɗaure tsokokin ɗaga wuyan hannu a ƙashin gwiwar hannu ta gefen waje ta gaji da maimaita motsi, har ɗaukar kofin shayi ko murɗa makulli ya zama azaba.

Daga cikin hanyoyin da ake gwadawa akwai motsa jijiya da maganaɗisu, dabarar da Anthony Barker da abokan aikinsa suka fito da ita a Sheffield ta Ingila, wadda ta shahara a 1985. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan fata, a tura mata lantarki a ɗan takaitaccen lokaci, sai ƙarfin maganaɗisun ya ratsa cikin nama ya sa tsoka ta riƙa harbawa, ba allura ba yanka, sai dai ba a yi wa mai na'urar daidaita bugun zuciya.

Abin lura shi ne yawancin masu wannan ciwo kan warke cikin shekara guda da hutu da atisayen ƙarfafa jijiya, saboda haka sauƙin da aka samu bayan jinya ba lallai na'urar maganaɗisun ce ta kawo shi ba.