Jawabin Yaye Ɗaliban Awon Jini

Ranka ya daɗe mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, iyayen yara, da ku 'ya'yana da muke yayewa yau, ina yi muku barka da wannan rana.

Daga gobe za a fara miƙo muku hannu ku ɗibi jini, kuma da yawa cikin masu miƙowar suna ɗauke da ciwon suga ba su sani ba. Wani sai ya ga kiyashi na bin wurin da ya yi fitsari, wani sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, sannan ya nufo asibiti. Kafin nan ciwon ya daɗe yana ɓarna.

Kun san ma'auninku. Wanda ya kwana bai ci komai ba, sugansa ya kai 7.0, ko ya kai 11.1 awa biyu bayan ya sha giram 75 na gulukos, a sake awo a tabbatar ko ciwon suga ne. Amma awon HbA1c nake so ku riƙe da kyau. Suga yakan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sukan yi kwana 120 a jiki, don haka awon yana ba da labarin wata biyu zuwa uku. Wanda ya ƙaurace wa tuwo jiya don zai ga likita yau ba zai iya ɓoye masa komai ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 na HbA1c a matsayin iyakar gano ciwon suga, domin daga wajen nan lalacewar jijiyoyin ido ke fara yawaita. Binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna duk kashi 1 da aka rage a HbA1c, haɗarin lalacewar ƙananan jijiyoyi, irin na ido da ƙoda, yana sauka da kashi 37 cikin ɗari.

Sai dai a ƙasarmu a yi hattara. Ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, saboda haka awon HbA1c ba ya faɗin gaskiya a kansa. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai ciki. Don Allah ku tambayi mutum halinsa kafin ku sa hannu a takarda. Irin waɗannan, awon safe kafin karin kumallo ya fi dacewa da su.

Allah ya yi wa aikinku albarka. Bismillah, a fara kiran sunaye.