Kuskuren da Bai Yi Ƙara Ba: Abin da Rabon Gado Ya Koya Mini a Rubutun Manhaja

 



Da kwamitin shirya wannan biki ya ce in zo in yi magana a kan karatun da nake yi a jami'a, wato ilimin kwamfuta da rubutun manhaja, sai da na kwana biyu ina tunanin abin da zan faɗa. Ni ɗalibi ne, ban ƙware ba tukuna. Saboda haka ba zan kawo muku labarin nasara ba. Labarin wata kunya da na sha zan ba ku, domin ita ce ta fi koya mini karatu.

Bari in fara da bayani ga iyayenmu da ke tambayata, "Wai mi kuke yi gaban na'urar nan har tsakar dare?" Manhaja jerin umarni ce da mutum ke rubuta wa kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya: idan kaza ya faru, ki yi kaza, in ba haka ba, ki yi kaza. Kwamfuta tana da sauri, amma ba ta da hankali. Ɗan aike mai wayo in ka ce ya sayo gishiri ya tarar babu, zai duba rumfa ta gaba. Ita kuwa abin da ka rubuta shi kaɗai za ta yi, ko daidai ne ko kuskure.

Na yi firamare a makarantar da ake koyarwa da Hausa da Faransanci, da yamma kuma ina zuwa makarantar allo. Da na shiga jami'a sai na tarar harsunan rubutun manhaja, irin su C da Python, kalmominsu na Ingilishi ne. Ina tunani da Hausa, malami na bayani da Faransanci, na'ura na yi mini faɗa da Ingilishi. Ga ɗaukewar kuran, ga kuɗin intanet da ke ƙarewa a tsakiyar darasi. Watannin farko duk abin da na rubuta sai jan rubutu ya fito yana cewa akwai kuskure. Wata rana na yi awa uku ina neman abin da ya hana manhajata aiki, ashe alamar rubutu guda na manta. A lokacin ina ganin jan rubutun nan shi ne babban maƙiyina.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya kawo aikin kansa. A darasi mun ji cewa kalmar algoritim, wato tsarin matakan warware matsala, ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa al-Ma'amun. Kalmar aljabara ma daga sunan littafinsa ta fito, wanda ya rubuta wajen shekarar 820. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, babban kashi na littafin nan a kan lissafin wasiyya da gado yake. Sai na ce to, ni ma zan rubuta manhajar rabon gado. Ai na karanta ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi: kaso shida ne kawai. Mi zai gagara?

Cikin sati uku na gama da Python. Na gwada mamacin da ya bar mata da ɗa, ta ba da daidai. Na gwada wanda ya bar ɗa da ɗiya, ta ba da daidai. Abokaina suka yaba, wani har ya ce in tura masa, don akwai gadon da ake shirin rabawa a gidansu. Allah ya taimake ni na ce ya dakata sai na nuna wa malaminmu na unguwa, wanda ke karantar da Risala a zaurensa bayan asuba.

Da hutu ya zo na tafi da kwamfutata, ina jin kaina. Malam ya saurare ni, sannan ya ce, "To ɗana, tambaye ta: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗiya mata biyu, uba da uwa. Bayan an biya bashi da wasiyya, abin da ya rage miliyan 2 da jika 700." Na shigar. Nan take amsa ta fito: mata jika 337 da rabi, ɗiya biyu miliyan 1 da jika 800, uba jika 450, uwa jika 112 da rabi. Na tara, jimla ta cika daidai. Babu jan rubutu ko ɗaya. Na juya masa fuskar kwamfutar ina murmushi.

Malam ya duba ya ce, "Uba sudusi, uwa sudusi. Mi ya sa nata bai kai nasa ba? Mi tsohuwar nan ta yi maka?"

Ƴan uwa, gumi ya karyo mini. Ga abin da ya faru. Idan ka tara sumuni da sulusi biyu da sudusi biyu, za ka samu 27 bisa 24, wato kason magada ya fi dukiyar yawa. Ni kuwa na rubuta wa na'ura ta riƙa cire wa kowa nasa bi da bi, na ƙarshe ya ɗauki saura. Uwa ce ta zo ƙarshe a jerina, don haka duk giɓin ya faɗa kanta. Malam ya ɗauki takarda ya nuna mini abin da malaman fara'ili ke kira auli, hukuncin da aka fara aiki da shi tun zamanin Sayyidina Umar: a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, kowa ya ɗan ragu gwargwadon kasonsa. Sai mata ta samu jika 300, kowace ɗiya jika 800, uba 400, uwa 400. Ya ce wannan mas'ala sananniya ce, Minbariyya ake kiranta, ana danganta amsarta ga Sayyidina Ali. Ni da nake ganin na kawo sabon abu, da manhajata ta fita da na ci wa wata uwa jika 287 da rabi, kuma ba wanda zai yi gardama, tunda "kwamfuta ce ta faɗa".

Tun ranar nan na daina fushi da jan rubutu. Kuskuren da ya tsayar da kai ya yi maka alheri. Abin tsoro shi ne wanda ya yi shiru, manhaja na aiki, lissafi ya cika, alhali haƙƙin wani ya salwanta. Kuma wannan bai tsaya ga ɗalibai ba. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kuru, a Giyana ta Faransa. Dalili? An ɗauko wani sashen manhaja daga Ariane 4, inda yake aiki lafiya, sai wata lamba a sabuwar rokar ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Ƙwararru ne fa suka yi aikin.

Na koma na sake rubuta manhajar daga tushe, kuma wannan karon a zaure na fara. Wata biyu ina zama gaban malam da littafin rubutu, ina koyon wanda ke hana wani gado, kamar yadda ɗa namiji ko uba ke hana ƴan uwan mamaci. Kowace mas'ala da ya warware da hannunsa nakan mayar da ita gwaji: duk lokacin da na taɓa layi ɗaya, sai manhajar ta sake amsa su gaba ɗaya, in ta saɓa ko a guda, na san na ɓata wani abu. Na kuma sa ta riƙa lissafi da kaso kai tsaye, domin sulusi ba ya ƙarewa in an rubuta shi da lambobin bayan waƙafi. Sannan na koya mata abin da ni ma ya yi mini wuyar koyo: in ta haɗu da mas'alar da ba a gwada ba, ta tsaya ta ce a je wurin malami. Har yau ban raba ta ga kowa ba. Malam na ci gaba da dubawa.

Ƙannena masu sha'awar wannan fanni, ku shigo, ƙofa a buɗe take, da wayar hannu ma ana iya fara koyon Python. Amma ga roƙona. Kada ku kwafo rubutun manhaja daga intanet ko ChatGPT ku miƙa alhali ba za ku iya bayanin kowane layi ba. Kafin ku rubuta wa manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaciyar asibiti manhaja, ku je ku zauna da su, su ne suka san aikin. Kuma ku kai aikinku wurin wanda zai nemo aibinsa, ko da abokai sun riga sun yaba. Gobe mu ne za mu rubuta abin da zai lissafa albashin mutane da magungunansu da filayensu, kuma amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Ga malamanmu kuma, don Allah kada ku gaji da mu in mun zo da na'urorinmu. Muna buƙatar tambayoyinku, irin wadda ta ceci tsohuwar nan.

 Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, kuma yanzu kun san ba na jin haushin wanda ya nuna mini shi.