Ɗiyarmu ta gama karatun nas, me ya hana ta lasisi?

Jawabin da wata tsohuwar ungozoma ta yi a taron iyaye da matasa na garuruwan bakin iyaka

Iyayenmu sarakunan zango, limamanmu, magajiyoyi, 'yan kasuwa, direbobi, samari da 'yan mata, ina gaishe ku da fitowa. Kai ma da wannan takarda ta iske ka a shago ko a tasha, ke ma da aka karanta miki ita a tsakar gida, da ku nake.

Ni ba 'yar siyasa ba ce tun asali. Ungozoma ce, na yi shekarun ƙarfina ina karɓar haihuwa, wani lokaci da tocila a baki saboda babu wuta. Wasu daga cikin waɗanda ke tsaye a nan ni na yanke musu cibiya. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku, zan yi magana a kan abu ɗaya tak: wahalar da yaranmu ke sha kafin su yi rajistar jarrabawar lasisin aikin jinya ta intanet.

Bari in fara da yadda abin yake, don wanda bai sani ba. A Gana, yaro ko yarinya in sun gama sakandare suka shiga makarantar koyon jinya, mai neman difloma zai yi shekara 3, mai neman satifiket na mataimakin nas zai yi 2. Gama makaranta ba ya ba ka ikon taɓa marar lafiya. Doka mai lamba 857 ta shekarar 2013 ta ce ba mai yin aikin nas ko ungozoma sai wanda aka yi wa rajista. Kafin a yi maka, sai ka ci jarrabawar lasisi. In ka ci, ka yi shekara guda ta hidima kana zagaya sassan asibiti, sannan ka shiga layin masu jiran a ɗauke su aiki. Tun 2018 aka fara mai da wannan jarrabawa kan kwamfuta. Yau kusan kowane mataki, daga cike suna da biyan kuɗi zuwa duba sakamako da neman aiki, sai ta intanet.

Ba na ƙin lasisi. Wanda zai yi wa jaririnka allura dole a gwada shi. Ba na kuma ƙin kwamfuta. A zamaninmu takarda kan ɓace a hanya, sakamako kan yi watanni bai fito ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da nake kuka da shi shi ne an gina ƙofar daidai da tsawon mutumin Akra da Kumasi, aka ce ɗan bakin iyaka ma ta nan zai shiga.

Ga abin da na gani da idona a gidana. Ɗiyar ƙanena ta gama shekarunta 3. Ubanta ya sayar da awaki, uwarta ta soya ƙosai har hayaƙi ya ɓata mata ido. Ta faɗi a takarda ɗaya, ta dawo gida tana shirin sake zama. Da aka buɗe rajista sai ta zauna da wayarta. Ku da ke Pusiga da Kulungugu da Pulmakom kun san halin wayoyinmu: kana zaune a ɗakinka cikin Gana, sai saƙo ya shigo ana yi maka maraba da zuwa Togo ko Burkina Faso. Lambar da ake turowa don tabbatar da mai rajista ba ta iso ba sai bayan lokacinta ya wuce. Ta sake nema, haka. Ta sake, haka. Data ta ƙare.

Washegari ta biya kuɗin mota zuwa Bawku, ta shiga shagon intanet. Ta cike rabin fom aka ɗauke wuta, komai ya goge. Aka dawo da wuta ta fara daga farko. Ta zo wajen sa hoto, shafin ya ce hoton ya yi nauyi, bai kuma faɗi nauyin da yake so ba. Mai shago ya rage shi, aka wuce. Ta zo wajen biya, aka cire kuɗin daga momo ɗinta, saƙo ya shigo wayarta cewa kuɗi sun fita, amma shafin ya ce ba ta biya ba. Ta kira lambar da aka rubuta don neman taimako har cajin wayarta ya mutu, ba wanda ya ɗauka. Masu shago suka ce da tsakar dare shafin ya fi sauƙin buɗewa. To wace uwa ce za ta bar budurwa a shago da tsakar dare, balle a garin da aka sha sa dokar hana fita?

Ana cikin haka sai ga babbar matsala. Sunan ubanta a takardar sakandare an rubuta shi iri ɗaya, a katin ɗan ƙasa an rubuta wani iri. Kun san wannan ciwon namu ne. Mutum ɗaya, a nan Fuseini, a can Husaini. A nan Seidu, a can Sa'idu. Mahama da Mohammed, Issaka da Isiyaku, Alhassan da Alasan. Malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji, ma'aikacin kati ya rubuta yadda nasa ya ji. In mutum ne ke zaune a tebur, zai dube ki ya gane ke ce. Kwamfuta ba ta san haka ba, harafi ɗaya ya bambanta sai ta ce mutum biyu ne. Aka ce ta je ta yi takardar rantsuwa. Ta tafi Bolga, ta kwana a gidan dangi, ta yi kwana biyu tana bin ofisoshi. Da ikon Allah ta gama ana saura 'yan awoyi a rufe. Ƙawarta da suka yi karatu tare, wadda ba ta da kowa a Bolga kuma ba ta da kuɗin mota karo na biyu, ba ta samu ba. Tana gida tana taya uwarta sayar da tumatir, tana jiran zama na gaba.

Wani zai ce, Hajiya, wannan ai matsalar masu yara a makarantar nas ce, ni me ya shafe ni? Ya shafe ka ranar da matarka za ta fara naƙuda da ƙarfe biyu na dare. Ya shafe ka ranar da maciji zai sari ɗanka a gona, ko ranar da zafin bazara zai zo da sanƙarau, ko damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro. Ranar ba likitan Akra za ka nema ba. Ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauyenku za ka ruga, kana addu'ar Allah ya sa akwai nas a ciki.

Ku tuna, wannan tsari na kai nas ta zauna cikin ƙauye tana bin gida-gida, wanda ake kira CHPS, a nan yankinmu aka haife shi. A Navrongo aka gwada shi cikin shekarun 1990, aka ga amfaninsa, sannan ƙasa duka ta ɗauka. Amma gini ba ya yin allura, katin inshorar lafiya ma ba ya karɓar haihuwa. Sai da mutum. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Gana na ciki. Ƙwararrun nas ɗinmu suna ta tafiya Ingila da Amurka da Kanada. Waɗanda aka turo mana daga kudu, da yawa suna isowa suke fara neman canji, ban kuma ga laifinsu ba, kowa na son kusa da gida. Wanda zai zauna shi ne ɗan nan, wanda ke jin Hausa da Kusasanci da Busanci da Mosanci, wanda tsohuwa za ta gaya wa inda ke mata ciwo ba sai an nemo tafinta ba. Shi ne kuma muke barin shafin intanet ya kora tun daga bakin ƙofa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga abin da muke nema, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin gwamnati.

Na farko, a kowace gunduma a ajiye tebur ɗaya a ofishin lafiya ko a makarantar jinya, da kwamfuta, da wutar sola, da ma'aikaci da zai taimaka wa mai rajista kyauta har ya gama.

Na biyu, a ba da isasshen lokaci, a kuma sanar da ranar buɗewa da ta rufewa a gidajen rediyonmu cikin harsunanmu. In shafi ya faɗi kwana biyu, a ƙara kwana biyu. Laifin na'ura kada ya hau kan yaro.

Na uku, duk wanda aka cire wa kuɗi ya biya. Lambar da ke cikin saƙon momo ta zama shaida. In an cire sau biyu, a mayar cikin kwanakin da aka ƙayyade, ba sai an yi bara ba.

Na huɗu, bambancin harafi a suna kada ya tsayar da rajista. A karɓi yaro tukuna, a ba shi lokaci ya gyara, a kuma yi gyaran a gundumarsa.

Na biyar, lambar neman taimako a sa mata ɗan Adam mai ɗauka. Shafin kuma a yi shi marar nauyi, wanda zai buɗe a ƙaramar waya, ya riƙe abin da ka cike ko da wuta ta ɗauke.

Na shida, garuruwan bakin iyaka su samu turakun waya nasu. Abin kunya ne ɗan ƙasa mai biyan haraji ya hau tudu yana ɗaga waya sama yana neman sabis ɗin ƙasarsa.

Kafin a yi mana waɗannan, mu ma da namu aikin. Iyaye, yau ɗin nan in kun koma gida ku fito da takardun yaranku: ta haihuwa, ta sakandare, katin ɗan ƙasa, da ta makarantar jinya. Ku jera su, ku sa mai karatu ya duba suna da ranar haihuwa harafi-harafi. In akwai bambanci ku fara gyara tun yanzu, rigakafi ya fi magani. 'Ya'yana ɗalibai, ku yi rajista da lambar wayarku da imel ɗinku, kada ku yarda mai shago ya sa nasa, domin duk saƙon da zai biyo baya wajensa zai tafi. Lambar sirrinku taku ce, ku rubuta ta a wuri mai kyau, in kun gama a shago ku fita daga shafin kafin ku tashi. Ku shiga saitin waya ku zaɓi layin Gana da hannu don kada ta riƙa tsallaka iyaka. Kowane mataki ku ɗauki hotonsa, saƙon biyan kuɗi kada ku goge. In shafi ya ce ba ku biya ba alhali an cire, kada ku yi saurin sake biya, ku kai shaidarku makarantarku ko ofishin yanki. Duk wanda ya ce ku ba shi wani abu yana da mutum a ciki, ku guje shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan wahala ita ce tsagar da macuta ke bi. Kada ku jira ranar ƙarshe. Wanda ya gama nasa ya zauna da ɗan'uwansa har shi ma ya gama.

Yanzu ga maganar zaɓe. Lokaci ya zo da motoci za su cika garuruwanmu da kiɗa da riguna. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, na masu mulki ne ko namu na adawa, ku tsayar da shi ku karanta masa waɗannan abubuwa shida. Ku tambaye shi wanne zai yi, kuma yaushe. Ku sa ya faɗa a gaban sarki da limami da magajiya, matasa su ɗauka a waya. Ban cire ɗan takararmu ba. In ya ci ya manta, ni zan fara zuwa ƙofarsa da wannan takarda a hannuna. Waɗanda ke kan kujera sun samu lokacinsu, ku auna da abin da kuka gani a ɗakin shan maganin ƙauyenku, gani ya kori ji.

Ranar zaɓe ku fito da wuri da katinku, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku koma gida lafiya. Kada ɗan kowa ya zubar da jini saboda ɗan siyasa, domin in an kai shi asibiti ma nas ɗin da za ta ɗinke shi tana gida tana jiran lasisi.

Ku ajiye wannan takarda, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku kai wa uwar duk wani ɗalibin jinya da kuka sani. Allah ya ba yaranmu sa'ar jarrabawa, ya sauki matanmu lafiya, ya zaunar da garuruwanmu da maƙwabtanmu lafiya.