Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Tuwon Masara Kaɗai Ba Ya Riƙe Jiki?

Wani manomi daga karkarar Ɗambatta ya aiko da tambaya. Ya ce fatar wuyan maiɗakinsa da bayan hannayenta ta yi baƙi tana saɓa, ga zawo, ga yawan mantuwa, alhali kullum tana cin tuwon masara ta ƙoshi. Shin sammu ne?

To malam, Allah Ya ba ta lafiya. Likita ne zai tabbatar, amma alamun nan sun yi kama da cutar da ake kira felagira, wadda rashin bitamin B3, wato niyasin, ke haddasawa. Ba sammu ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Ga yadda abin yake. Idan niyasin ya shiga jiki, sai jiki ya mayar da shi wani sinadari mai suna NAD. Shi NAD ɗan dako ne. Yakan ɗauki ƙarfin da ke cikin abincin da aka narkar, ya kai inda ƙwayoyin jiki ke sarrafa shi, ya sauke, ya dawo ya ɗauki wani. In babu ɗan dako, ko rumbu ya cika, kaya ba su isa kasuwa. Fata da hanji da ƙwaƙwalwa su ne masu yawan buƙata, shi ya sa su ke fara kokawa.

Masara tana da niyasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance yawancinsa. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, sukan dafa ta da ruwan toka, shi ke kwance ɗaurin. A kudancin Amurka kuwa cutar ta kashe dubban talakawa. A 1915 Dokta Joseph Goldberger ya nuna cewa abinci ne sanadi, a 1937 kuma aka gano niyasin ne maganinta.

Namiji babba na buƙatar kamar miligiram 16 a rana, mace 14. Gyaɗa, wadda Kano ta yi suna da dalarta, cike take da niyasin, haka ƙuliƙuli da hanta da kifi. Wake da nono da ƙwai kuma suna ba jiki abin da zai ƙera nasa da kansa.

Saboda haka idan kaka ta yi, kada ka kwashe gyaɗa da wake kaf ka kai kasuwar Ɗambatta ko Bichi, ka bar iyali da masara zalla. Ware na gida tukuna. Ita kuma maiɗakinka, kai ta asibiti tun da wuri, domin ƙwayar maganin tana aiki cikin 'yan kwanaki, amma sakaci na iya kai wa ga rasa rai. In tana shan maganin tarin tibi, a gaya wa likita, don wani daga ciki yana rage niyasin.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.