Rufin Asiri a Zamanin Kwamfuta

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ake sakaya bayanan mutane a lokacin da kwamfuta take aika su ta intanet.

Bahaushe ya san wannan ilmi tun kafin zuwan na'ura. Baƙo iyakarsa zaure, ɗan'uwa yakan wuce shigifa, cikin gida kuwa sai muharrami. Gidan ɗaya ne, matsayin mai sallama ne ke yanke abin da zai gani.

Haka rumbun bayanai yake. A ƙaddara wani mutumin Gwaram ya je jinya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, an rubuta sunansa da cutarsa da kuɗin maganinsa. Kafin bayanan su bar rumbu, sai manhaja ta jera su gurbi-gurbi cikin saƙo guda. A nan ne ya kamata ta tantance mai nema. Likita a ba shi duka. Akawun kuɗi a cire masa gurbin cuta ɗungum. Mai nazari kuwa a musanya masa suna da lamba.

Dabarar sakayawa ba baƙuwa ba ce. Rasidin na'urar POS yakan rufe tsakiyar lambar kati da taurari. A 2022 Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa, watau NIMC, ta ɓullo da lambar wucin gadi mai gurbi 16, wadda kan mutu bayan awa 72, domin a riƙa miƙa ta maimakon lambar NIN ta ainihi mai alƙaluma 11.

Babban kuskure shi ne a aika da kome, sannan a ɓoye shi a fuskar allo kawai. Wannan labule ne, ba katanga ba, domin duk mai ɗan sani zai buɗe saƙon ya karanta. Hadarin ba ƙarami ba ne: a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ba da rahoton cewa wani shafi yana sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan Naira 100.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a taƙaita bayanai daidai bukata. Saboda haka wajibi ne ma'aikacin da zai karɓi sabuwar manhaja ya nemi a nuna masa abin da ke fita ga kowane mai nema, gurbi bayan gurbi, kafin ya sa hannu. Magana zarar bunu ce, bayanin da ya bar rumbu ma haka yake.