Goge Ɗaki a Gidan da Ake Kiwon Kyanwa

(Jawabin kwamitin lafiya a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan)



Mun san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a nan Kurmi, sai maganar kyanwa muka ga za mu kawo? To ga dalili. Kwanakin baya kyanwoyi biyu suka mutu cikin mako ɗaya a wani gidan haya a unguwar nan. Mai su ya rantse maƙwabcinsa ne ya sa masu guba, har magana ta kusa zuwa gaban Sarki. Da aka bi diddigi sai aka tarar ba kowa ba ne, ruwan da uwargida take goge ɗaki da shi ne. Kun ga saura ƙiris zaman lafiyar shekaru ya ɓaci a kan bokiti ɗaya.

Kuma ba don ado muke ajiye kyanwa ba. Masu shagon hatsi da masu ajiyar goro sun san aikinta. Ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa ta jihar Borno ta yanzu, wadda kuma ta sha yin ɓarna a jihohin Ondo da Edo, nan kusa da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida.

To yaya ruwan goge ɗaki ke kashe ta? Kyanwa ba ta da takalmi, kuma wankanta da harshe take yi. Duk abin da ta taka sai ta lashe shi. Sannan hantarta ba kamar tamu ba ce, ba ta iya narkar da sinadarin da ake kira fenol ta fitar da shi, sai ya yi ta taruwa a jikinta. Wannan sinadari da danginsa suna cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Izal da Dettol. Alamarsu mai sauƙi ce: duk maganin da aka ɗiga a ruwa ya koma fari kamar madara, a nisanta shi da inda kyanwa take takawa. Ba mu ce maganin ba shi da kyau ba, yana da amfaninsa. Amma ba na gidan mai kyanwa ba ne.

Na biyu, kananzir. Da yawa daga cikinmu kan zuba shi a ruwan goge ɗaki don korar tururuwa da kiyashi. Yana ƙona mata tafin ƙafa da baki, in ya shiga huhu kuwa sai dai wani ikon Allah. Na uku kuma mafi muni, fiya-fiya da Sniper. Wannan maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗaki ba, har a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa. Don Allah a daina yayyafa shi a daɓe.

To me za a yi amfani da shi? Gaskiya dai, ko siminti ne ko tayil ko leda, shara da ruwa da ɗan sabulu sun isa kullum. A share tukuna, a goge, a sake bi da ruwa zalla don kada sabulu ya kwanta. In kuma akwai dalili, kamar an yi amai ko mara lafiya ya kwanta a ɗakin, sai a ɗauko bilic irin su Jik ko Hypo, a sa babban cokali 2 a lita 1 ta ruwa. A bar shi minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai kafin kyanwa ta shigo. A lura, ƙanshin bilic yana jan wasu kyanwoyi har su yi ta birgima a kai, saboda haka a kulle ta a wani ɗaki, kada kuma a bar bokiti a buɗe a baranda.

Nan ne muke tuntuɓe, mu mutanen Arewa. A gida, lokacin hunturu, kafin a gama goge ɗaki ya bushe. A nan kuwa, in damina ta sauka, daɓe sai ya daɗe da danshi. A buɗe taga, a kunna fanka in akwai wuta, ko a bi da busasshen tsumma.

Wani gargaɗin kuma ya shafi mu kanmu. Kada a haɗa bilic da maganin wanke masai irin su Harpic, don hayaƙin da ke tashi yana iya sumar da mutum. Haka in kyanwa ta yi fitsari, a fara wankewa da sabulu da ruwa, kada a zuba bilic kai tsaye. Kashinta kuwa a kwashe kullum, a wanke hannu, amma kada mai ciki ta kwashe, domin akwai cutar da ke iya taɓa abin da ke cikinta.

In an ga kyanwa tana dalalar da yawu, ko amai, ko tangaɗi, ko rawar jiki bayan an goge ɗaki, a wanke mata ƙafafu da sabulu da ruwa mai ɗumi. Kada a ɗura mata manja ko ruwan gishiri, kada kuma a kuskura a ba ta Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. A garzaya da ita wurin likitan dabbobi, a tafi da kwalbar maganin ya gani.

Iyayenmu mata, ku ne masu wannan aiki, ku muke roƙo ku gaya wa 'yan matan da ke taya ku. Ku tuna daɓen da kyanwa ke takawa, a kansa jariri yake rarrafe, ya sa hannu a baki. Masu gidan haya kuma su yi shawara da maƙwabta a kan abin da ake zubawa a baranda, tun kafin a fara zargin juna.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.